Tsutsotsin Lambun Safiyatu

Randagi, ranar Laraba.

Zuwa ga Malama Margaret,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar taki? Ina 'yarki Rachel da yaranta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Malama, ranar da muke ɗaure kaya kin ce kada in koma ƙauye in bar biro ya bushe. To ga shi ban bari ba. Waya a nan sai an hau tudu, in ma an hau sai ta ga dama, shi ya sa na ba Maikuɗi ɗan acaɓa wannan takarda. In kin ga kuskure ki kau da kai, kin san da furfurata na shiga ajinki.

Tun ranar da ɓarayi suka kore mana garke muka gudo cikin Birnin Gwari, ban taɓa zaton zan sake kwana a ɗakina na Randagi ba. Ga shi Allah ya kawo sauƙi, hanya ta buɗe, mutane suna ta dawowa. Mun tarar ciyawa ta cinye gidan, amma mun gyara. Shanun nan biyu da suka rage mana har sun fara sheƙi.

Irin da kika ƙulle mini a leda duk na shuka a bakin rafi: kabeji, tumatir, kuɓewa, alayyahu, da 'yar masara a gefe. Ni da aka haifa a bayan saniya, yau ni ce da fartanya! Da suka tsiro, wallahi sai da na tsuguna na yi musu magana kamar jarirai.

Amma Malama, wani abu yana cinye mini su. Dashen tumatir sai in zo da safe in tarar an datse shi daga gindi, kamar da reza. Ganyen kabeji ya koma rariya. Masara kuma in ta buɗe sabon ganye sai ki ga huji a jere.

Abin da ya fi damuna ba ganyen ba ne. Yayan maigida, Bakoji, ya aiko daga kudu cewa mu tattara mu same shi kafin damina, zai ba ƙaninsa shanu ya riƙa yi masa kiwo. Maigida ya ce shi bai ga yadda namiji zai zauna yana gadin ganye ba. Da na matsa, sai ya ce to, a ga abin da lambun zai yi zuwa azumi. Malama, na gaji da ɗaure kaya. Kabarin innata yana nan. 'Yata Muslimat tana aure a Tsohon Birnin Gwari, in na so ganinta sai in hau mashin kawai. Ba na son tafiya.

Duk tsutsar da na kama na zuba a gwangwanin madara na ɗaure bakin da tsumma. Ki duba ki gaya mini wace ce mai laifin.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki, Safiyatu.

*

Birnin Gwari, ranar Asabar.

Safiyatu ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau. Gwiwa tana nan da halinta, amma takardarki ta sa na manta da ita. Rubutunki ya miƙe sarai, har na kai wa matan aji suka gani.

Sai dai ki nemi Maikuɗi ki ba shi haƙuri. Ya ga gwangwani daga hannun Bafulatana, a ɗaure da tsumma mai tsabta, sai ransa ya ba shi man shanu ne. Ya tsaya a hanya ya sayi burodi, ya sami inuwa, ya ce bari ya lakaci kaɗan, ai ba za a gane ba. Ya iso nan yana tofar da yawu, ya dire mini gwangwanin ya ce, "Mama, in irin tsarabar da kuke wa juna ke nan, ni a cire ni!" Rachel ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ni ma da na buɗe ban sami abin kirki ba. Kin haɗa su wuri ɗaya, zafi ya dafa wasu, wata ƙatuwa kuma ta cinye sauran. Ita kaɗai na tarar ta yi ɓul-ɓul tana kallona. Nan gaba kowace ki sa ta a nata kwalin ashana, tare da ganyen da kika same ta a kai.

Ba mai laifi ɗaya ba ne, Safiyatu, ƙungiya ce. Babana da ya tsufa a lambu a Zonkwa yakan sa mu duba abu uku: ina aka same ta, wace irin ɓarna ta yi, kuma yaya take yi in an taɓa ta.

Ki fara da mai datse tumatir. Ba za ki gan ta a kan ganye ba. Da sassafe ki je gindin wanda aka datse, ki tona ƙasa da yatsa kaɗan. Za ki ga tsutsa mai launin ƙasa, in kin taɓa ta sai ta naɗe kamar zobe. Ki ba kaji. Sauran dashen ki zagaye gindinsu da toka.

Ta kabeji 'yar ƙarama ce, koriya shar, a bayan ganye take laɓewa. In kin taɓa ta sai ta yi wutsil-wutsil da baya, ta faɗo tana lilo da zare kamar gizo-gizo. Ki daka 'ya'yan dogon yaro, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki yayyafa da yamma. Ki tabbata ya taɓa bayan ganyen.

Ƙatuwar nan da ta cinye 'yan'uwanta ta masara ce. Na gane ta da alamar da ke goshinta kamar reshe mai baki biyu, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Ki leƙa cikin kunnen masarar, in kin ga abu kamar dusa, kashinta ne, tana ciki. Ki zaro ta, ko ki zuba yashi da toka a ciki.

Akwai kuma fara ƙatuwa mai jan kai da za ki gani a cikin takin shanu. Gwazarma ce. In dai a juji take, ki rabu da ita, taki take gyara miki.

Zancen tafiya kudu, kada ki yi ta ja da shi. Ki bar lambun ya yi magana. Ki gaishe mini da Malam Hammadu. Ni dai zan kama sunansa, tunda ba mijina ba ne.

Ubangiji ya tsare ku.
Taki, Margaret.

*

Randagi, ranar Litinin.

Zuwa ga Malama Margaret,

Bayan gaisuwa, an yi Kirsimeti lafiya? Allah ya maimaita mana. Ga kindirmo nan a jarka na aiko, na kuma buɗe wa Maikuɗi ya gani da idonsa kafin ya ɗauka. Na zuba masa nasa daban, mun shirya.

Malama, duk yadda kika faɗa haka na gani! Na tona gindin tumatir, sai ga ta kwance, na taɓa ta ta naɗe. Ihu na yi ni kaɗai a bakin rafi, har maƙwabciyata Bara'atu ta yar da tulu ta rugo, ta ɗauka maciji ne. Yanzu kajina da sun gan ni da fartanya sai su biyo ni a guje. Datsewar ta tsaya. Kabeji ya fara naɗe kai. Masara ma na zazzaro su, sabon ganye yana fitowa lafiya. Alayyahu kuwa har mun fara miya da shi, na raba wa maƙwabta.

Maigida kuwa ya canja hanya. Da can in zai kai shanu rafi ta ƙasa yake bi, yanzu ta bakin shingena yake ratsawa. Sai ya tsaya ya jingina da sanda, wai shanu yake jira su gama sha.

Ga wata sabuwa kuma. Kuɓewata ta kamu da darɓa. Ƙananan ƙwari ne kamar kwarkwata, cunkus a bayan ganye, ganyen ya yi danƙo ya ƙudundune. To a cikinsu na ga wata mummunar halitta, baƙa mai ɗigon ruwan goro, jikinta ƙaya-ƙaya, siffarta kamar ɗan kada, ga sauri. Ban tsaya tambaya ba, duk wadda na gani sai in murtsuke ta.

Shekaranjiya ina cikin haka sai na ji murya daga bayan shinge, "Ke, dakata." Na ɗaga kai, ashe maigida ne. Ya ce, "Wannan me ta yi miki?" Na ce ai ka ga yadda kuɓewar ta koma. Ya ce, "Kin gan ta tana cin ganye?" Na ce ban gani ba, amma dubi fuskarta. Ya ce, "Da fuska ake hukunci, da an daɗe da kashe Maikuɗi."

Malama, rabon da in ji mutumin nan ya yi wasa, tun kafin a kore mana shanu. Sai da na juya baya don kada ya ga idona.

Yanzu dai mun yi musu, kowa ya kafe. Ya ce shi ma zai aiko miki da nasa bayanin, kada in je in murɗa zancen. Tunda da ajami yake rubutu, ke kuma ba kya karanta shi, ni zan rubuta masa. Ga guda biyu nan a kwalin ashana, da ganyen kuɓewar.

Ki huta lafiya.
Safiyatu.

*

Randagi.

Zuwa ga Malama, uwar Rachel,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi miki fatan lafiya, ke da iyalinki da dukan mutanen unguwa. Ban manta da zaman maƙwabtaka da muka yi ba, da yadda kuka karɓe mu lokacin da muka zo ba mu da komai. Allah ya saka da alheri.

Dalilin wannan takarda shi ne wata 'yar magana da ta shiga tsakanina da uwargida a kan wata halitta. Ni ba manomi ba ne, ban kuma ce na san lambu ba. Amma na yi shekaru ina kallon dabba, na san mai ci da wanda ake ci.

Bayan na hana ta kisa, na shiga lambun na zauna a gindin kuɓewa tun hantsi har azahar. (Malama, shanunmu kuwa, Bara'atu ce ta koro su daga gonar mutane. Wannan ni Safiyatu na ƙara.) Abin da na gani shi ne, baƙar nan ba ta taɓa ganye ko kaɗan. Ƙananan ƙwarin take bi, ta kama ɗaya ta tsotse, ta yar, ta kama wani. Kin san carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke sauka a bayan saniya yana cire mata kaska? To a ganina wannan ita ce carkin lambu. Wanda ya kashe ta ya taimaki darɓa. (Bai faɗa miki ba, sai da ya ari tabarau na limamin gari.)

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya hana ni tashi. Na ga tururuwa suna hawa kuɓewar suna sauka. Na ɗauka su ma cin ƙwarin suke. Ashe ba haka ba ne. Tururuwa sai ta zo bayan ɗan ƙwaron, ta shafa shi a hankali da gashin kanta, sai ya fitar da ɗigon ruwa, ta shanye, ta wuce na gaba. Malama, tatsa suke yi! Da idona na ga wata ta ɗauki ɗan ƙwaro a baki ta kai shi sabon ganye, inda ya fi danshi. In baƙar nan ta matso kuwa, sai su taru su kore ta, kamar yadda muke wa kura.

Na ce ikon Allah, ashe a bayan ganye ɗaya akwai garke, akwai makiyayi, akwai mai ɗauke dabba. Na daɗe ina dariya ni kaɗai. Daga baya kuma sai na ji wani iri, don na rasa bayan wa zan bi. A sana'a tururuwa 'yan'uwana ne. Amma kuɓewar ta gidana ce.

Ina roƙo ki duba waɗanda aka aiko, ki raba mu da gaskiya. In ni ne da kuskure zan karɓa. (Ba zai karɓa ba.)

Wassalam. Sa hannun da ke ƙasa da ajami nawa ne.

*

Birnin Gwari, ranar Alhamis.

Malam Hammadu da Safiyatu,

Ina gaishe ku duka biyu, na haɗa ku a takarda ɗaya don kada a ce na yi wa wani raɗa. Kindirmo ya iso, har jikokina suna faɗa a kan jarkar.

Na buɗe kwalin a kan tire, na sa tabarau. Ɗaya tana nan tana farauta a ganyen, ta kusa share shi tas. Ɗayar kuma ta manne a jikin kwalin, ta dunƙule, ba ta motsi. Safiyatu, ki yi haƙuri, shari'a ta ba Malam gaskiya. Wannan ba maƙiyiya ba ce. Ki daina kashe ta, kuma kada ki yayyafa ruwan dogon yaro a inda take da yawa.

Amma ba na son ku yarda don na faɗa. Ku sami kwalba mai faɗin baki, ku sa guda ɗaya da ganye mai darɓa, ku rufe da tsumma, ku ajiye a inuwa. In ta dunƙule ta daina motsi kada ku zubar, ba mutuwa ta yi ba. Ku jira ku ga abin da zai fito. Ba zan gaya muku ba.

Zancen tururuwa kuwa, Malam, na tsufa ina ganinsu a kan kuɓewa, ban taɓa tsayawa na ga tatsar ba. Jiya na sa Rachel ta kai mini kujera bayan gida, na zauna gaban waken da ke jikin katanga. Sai ga shi kuwa! Na yi ta tafa hannu har maƙwabta suka leƙo. Amma ka daure ka juya wa 'yan'uwan naka baya: a zuba toka a gindin kuɓewar don su rage hawa, carkinka ya samu ya yi aiki.

Ubangiji ya sa albarka.
Margaret.

*

Randagi, ranar Lahadi.

Zuwa ga Malama Margaret,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Labari biyu ne, mai daɗi da marar daɗi.

Mai daɗin: ta fito! Maigida ne ya ɗauki kwalbar ya ajiye a rumfarsa, kullum sai ya leƙa kafin ya ci abinci. Ran nan sai ga shi har madafa, ko takalmi babu, yana cewa in zo in gani. Malama, ɗan ƙwaron nan ne mai kyau, kamar rabin ƙwayar wake, ja da zanen baƙi, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Wanda muke ɗorawa a tafin hannu muna yara! Ashe 'ya'yansa nake ta kashewa. Ya kai shi lambu da kansa ya sake shi a kan kuɓewa. Darɓar ta ragu sosai, kuɓewa ta yi fure.

Yanzu ban ruwan safe shi yake yi. Wai don kada bayana ya yi ciwo ne.

Marar daɗin kuma tumatir ne. Tun da zafi ya fara, ganyen ya soma yin fari-fari, tabo-tabo, kamar an kankare cikinsa an bar fatar. In kin ɗaga shi a rana sai ki ga 'yar mitsitsiyar tsutsa a tsakiyar ganyen, tsakanin fata da fata. Ruwan dogon yaro ba ya kai mata. 'Ya'yan ma ta fara huda su ta wajen hula. Tumatir ɗin nan shi ne rabin lambun, shi nake taƙama da shi, har na gama raba shi a raina.

Kuma Bakoji ya aiko yana tafe cikin makon nan, zai zo da kansa.

Ga ganyen nan a kwali. Don Allah kada ki ɓoye mini komai.

Safiyatu.

*

Birnin Gwari, ranar Talata.

Safiyatu ƙawata,

Ina gaishe ki. Ba zan ɓoye miki ba. Da na ga ganyen sai na kai wa Zakka, malamin gona da muke coci ɗaya, ya tabbatar mini. Ita ce masu lambu suke kira sharon. Ba sakacinki ba ne, manyan manoma ma tana durƙusar da su in zafi ya shigo.

Ya ce wanda ya kamu sosai ki tuge shi ki ƙone, kada ki zuba a juji. 'Ya'yan da ba ta huda ba ki tsinke ko ba su gama nuna ba, su ƙarasa a ɗaki, ki yanka ki shanya. Baɗi a yi dashe da wuri, a kuma canja masa wuri.

Ki yi kukanki in ya zo, ni ma na taɓa yi a kan tumatir. In kin gama ki share ido ki dubi kabejinki da kuɓewarki.

Ki rubuto mini da zarar baƙonku ya sauka. Kullum in na ji ƙarar mashin sai na aiki Rachel ƙofa.

Taki, Margaret.

*

Randagi, ranar Jumma'a.

Zuwa ga Malama Margaret,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini shirun da na yi, baƙo ne ya cika mini hannu. Maikuɗi ya ce har tare shi kike a hanya.

Bakoji bai tashi isowa ba sai ranar da muke ƙona tumatir. Ya sauka daga mashin da babbar riga, ya tarar da ƙaninsa ya naɗe wando har gwiwa, fuska duk toka, yana tura ganye cikin wuta. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce da Fulatanci, "Abin da ka koma ke nan?" Maigida ya sunkuyar da kai. Kin san ba a mayar wa babba magana. Ni kuwa na shige ɗaki na zauna a bakin gado, na ce shi ke nan, an gama.

Washegari suna zaune a rumfa, Bakoji yana ta lissafa masa irin ciyawar da ke can, sai ga sallama. Wani mutum ne daga Kusasu, Boaz, da ganyen masara a ƙunshe cikin hularsa. Ya ce an gaya masa a kasuwa akwai wani Bafulatani a Randagi da ya san tsutsa. Ashe Maikuɗi ne yake ta yaɗa mu! Maigida ya so ya noƙe saboda yayansa, amma da ya ga ƙunshin hannunsa ya ƙi zama. Ya buɗe, ya juya ta da tsinke, ya nuna wa mutumin goshinta da ɗigon wutsiyarta, ya gaya masa yashi da toka. Ya kuma ja masa kunne kada ya taɓa baƙar nan mai ɗigon goro in ya gan ta. Mutumin ya yi ta godiya, ya ce ranar kasuwa zai zo da maƙwabtansa.

Bakoji ya ce, "Kai, yaushe ka zama boka?" Maigida ya ce, "Taso in nuna maka wani abu."

Malama, da kin ga abin da na gani! Na kai musu fura lambu, na tarar da dattawa biyu rub da ciki a gindin kuɓewar da ke can ƙarshe, wadda ya hana a sa wa toka. Babbar rigar Bakoji tana rataye a shinge. Musu suke yi a kan tururuwa: Bakoji ya ce waccan ba ta iya tatsa ba, gaggawa ta yi mata yawa, maigida ya ce ai sabuwar shiga ce. Na ajiye furar na yi sallama, ba wanda ya ji ni.

Da yamma na yanka kabeji na farko, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Bakoji ya ce shi ba akuya ba ne. Ya ɗanɗana don kada in ji haushi, sai ga shi ya miƙo kwano a ƙara.

Amma har yanzu ban san matsaya ba. Yau bayan masallaci su biyu suka kora shanun suka nufi bakin daji, suka daɗe. Da suka dawo ban karanci komai a fuskokinsu ba. Gobe Bakoji zai koma. Bara'atu ta ce in fara wanke buhuna ko da za a ce a ɗaure kaya. Na ce mata ba zan taɓa buhu ba sai na ji daga bakinsa.

Ki sa mu a addu'a.
Safiyatu.

*

Randagi.

Zuwa ga Malama, uwar Rachel,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ke yayana ya koma lafiya, da buhun kabeji a bayan mashin. Ya ce in ruwa ya sauka zai aiko mini da karsana biyu in riƙe a nan.

Ina roƙo ki tambayi Malam Zakka irin albasa mai kyau, da lokacin da ya dace a zuba shi. Zan ƙara shingen har gindin ɗorawa, don wurin ya yi mana kaɗan.

Muna nan Randagi.

Wassalam.

(Malama, bai gaya mini komai ba. Cewa kawai ya yi in ɗauko biro. Yanzu nake ji, tare da ke.)